Ogust Kont, Bafaranshen Da Ya So Ya Auna Zaman Jama'a Da Mudun Kimiyya

Duk wanda ya taɓa kallon 'yan ƙwallon ƙafa na Birazil ya ga tutarsu, koriya mai rawaya a tsaka, da wata shuɗiyar da'ira mai taurari wadda aka ratsa ta da farar ɗamara mai rubutu. Ma'anar rubutun nan ita ce tsari da ci gaba. To, wannan take daga koyarwar wani malamin lissafi na ƙasar Faransa aka tsamo shi, mutumin da bai taɓa taka Birazil ba, wanda kuma ya ƙare kwanakinsa da taimakon kuɗin da almajiransa su ke tara masa. Sunansa a rubuce Auguste Comte, amma Faransawa Ogust Kont su ke faɗi. Shi ne ya raɗa wa ilmin zaman jama'a sunan da a ke kiransa da shi a jami'o'i, watau sosiyoloji, shi ne kuma uban wata falsafa da Turawa ke kira fozitibizim. In za mu faɗe ta da Hausa a taƙaice sai mu ce aƙidar gani ya kori ji, watau kada a kira abu ilmi sai an duba shi, an auna, an gwada, an tabbatar.

Dalilin da ya sa mu ka ɗauko tarihinsa shi ne, 'ya'yanmu da ke makarantun boko a Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, a kan wannan hanya a ke koya musu kimiyya, ko da ba a ambaci sunan mutumin ba. Ya kamata iyaye su san inda ya yi daidai da inda ya kauce, don su san abin da za su gaya wa yaro ran da ya komo gida da tambaya.

HAIHUWA DA ƘURUCIYA

An haifi Kont ran 19 ga watan Janairu na shekarar 1798 a garin Montpellier da ke kudancin Faransa, watau shekara shida kafin a fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a ƙasarmu. Ubansa ma'aikacin ofishin haraji ne, uwarsa kuwa mace ce mai tsananin riƙo da addinin Katolika. Dukansu biyu masu son sarauta ne. Amma zamanin da aka haife shi zamanin hargitsi ne. Cikin 1789 talakawan Faransa su ka yi juyin juya hali, cikin 1793 aka fille kan sarki, daga baya Napoleon ya hau mulki ya yi ta yaƙe-yaƙe har aka kā da shi cikin 1815. Yaron ya tashi ya tarar tsohon tsari ya rushe, sabo kuwa ya ƙi tsayuwa. Tun yana ɗan shekara 14 ya bar addinin iyayensa, ya kuma juya wa sarauta baya.

Allah ya ba shi ƙwaƙwalwar lissafi. Cikin 1814, yana da shekara 16, ya shiga babbar makarantar injiniyoyi ta birnin Faris wadda a ke kira École Polytechnique, inda manyan masana lissafi na ƙasar ke koyarwa. Bai gama ba. Cikin 1816 ɗalibai su ka yi wa wani malami bore, Kont yana cikin na gaba-gaba, gwamnati ta sallami ɗaliban ta rufe makarantar. Ya koma gida na ɗan lokaci, sa'an nan ya sake dawowa Faris ba takardar shaida, ba sana'a, yana bin gidaje yana koya wa yara lissafi don ya sami na abinci. Wanda ya taɓa sauka a baƙon gari da 'yar jakarsa kaɗai ya san irin wannan zama.

Cikin 1817 ya zama magatakardan wani dattijo mai suna Saint-Simon, wanda ke da ra'ayin cewa masana da masu masana'antu ne ya kamata su riƙe ragamar ƙasa maimakon sarakuna da limaman coci. Shekara bakwai su ka yi tare. Cikin 1824 su ka ɓata a kan wani littafi da Kont ya rubuta, domin ya ga kamar dattijon yana so ya rufe sunansa ya ci moriyar aikin. Tun daga nan har ya mutu bai yarda ya amsa cewa ya ƙaru da mutumin ba, ko da ya ke masana tarihi sun nuna ya ƙaru ƙwarai.

CIWO DA BABBAN AIKI

Cikin 1825 ya auri wata mata mai suna Caroline Massin. Cikin watan Afrilu na 1826 ya buɗe darasi a ɗakinsa, yana nufin ya bi dukan fannonin kimiyya ɗaya bayan ɗaya ya nuna yadda su ka haɗu. Manyan mutane sun halarta, har da mashahurin masanin nan na Jamus, Humboldt. Amma darasi uku kaɗai ya yi sai ciwon taɓin hankali ya kama shi. Aka kwantar da shi a asibitin wani likita mai suna Esquirol wata da watanni, aka sallame shi bai warke ba. Cikin 1827 baƙin ciki ya kai shi ga faɗawa kogin Seine daga kan gada, Allah ya sa wani soja ya tsamo shi. Matarsa ce ta yi ta jinyarsa har hankalinsa ya komo, cikin Janairun 1829 ya sake buɗe darasin.

Darussan nan su ne su ka zama babban littafinsa a kan falsafar tabbataccen ilmi, juzu'i shida, wanda ya fito daga 1830 zuwa 1842. Abinci kuwa daga tsohuwar makarantarsa ya ke samu, inda aka ɗauke shi ƙaramin malami cikin 1832, daga baya aka ƙara masa aikin jarraba masu neman shiga. Sau da yawa ya nemi kujerar farfesa, ba a ba shi ba. Akwai kuma wani abin kirki da ya kamata a tuna masa. Daga 1831 har zuwa 1848 ya riƙa koyar da ilmin taurari kyauta ga leburori da masu sana'ar hannu na Faris, domin a ganinsa ilmi ba na 'yan gata kaɗai ba ne.

MATAKAI UKU

Gindin koyarwarsa shi ne, wai tunanin ɗan Adam ya kan bi matakai uku a kowane fanni. A mataki na fari, in abu ya faru sai a ce nufin wani ne da ba a gani, ko iskoki, ko gumaka, ko Ubangiji ɗaya. A mataki na biyu sai a musanya waɗannan da wasu kalmomi na falsafa waɗanda ba a iya gwada su. A na uku sai a daina tambayar asalin abu da hikimar yinsa, a tsaya ga duba yadda ya ke gudana, a auna, a gano ƙa'idarsa, don a san abin da zai faru gaba a yi shiri. Ya kwatanta matakan da yarinta da samartaka da manyanta.

Ga misali don a gane bambancin na biyu da na uku. Shekaru aru-aru masanan Turai suna cewa abin da ke sa ruwa ya hau bututun famfo shi ne wai ɗabi'a ba ta son wuri ya zauna wayam. Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta gaya wa mai haƙa rijiya kome ba. Masu aikin famfo kuwa sun lura famfon zuƙa ba ya iya jawo ruwa sama da wajen ƙafa 33, watau kimanin mita 10. Sai wani Ba'italiye mai suna Torricelli ya yi gwaji wajen 1643, ya nuna nauyin iskar da ke kanmu ne ke tura ruwan sama, iyakar ƙarfinta ke nan. Daga ranar aka sami abin aunawa, aka bar gardama. Irin wannan ilmi Kont ke nufi da tabbatacce.

Ya kuma jera fannonin kimiyya shida kamar matattakala. Lissafi ne a ƙasa, sai ilmin taurari, sai fizis mai binciken motsi da zafi da haske, sai ilmin sinadarai, sai ilmin halittu masu rai, sa'an nan ilmin zaman jama'a a can bisa. Kowane yana dogara da na ƙarƙashinsa, kowane kuma ya fi na ƙarƙashinsa sarƙaƙiya, shi ya sa ya fi shi jinkirin kai wa mataki na uku. A ganinsa biyar sun riga sun isa, saura na shida. Muddin kuwa a na tafiyar da mulki da shari'a da tattalin arziki bisa son rai da gardamar baki, to, hargitsin da ya gani tun yana yaro ba zai ƙare ba. Da fari ya kira wannan fanni fizis na jama'a, amma da wani masanin Beljiyam mai suna Quetelet ya yi amfani da sunan a littafinsa na 1835, sai Kont ya ƙago kalmar sosiyoloji, ta fito a juzu'i na huɗu cikin 1839.

A nan sai mu tsaya mu ba kowa haƙƙinsa. Suna Kont ya raɗa, amma ba shi ya fara tunanin ba. Shekara 460 da wani abu kafin nan, cikin 1377, Ibn Khaldun mutumin Tunis ya rubuta Muƙaddima, inda ya bincika yadda dauloli ke tashi su faɗi, da bambancin zaman ƙauye da na birni, da yadda za a auna labari a gane na gaskiya da na ƙarya.

GIRMAN KAI DA TALAUCI

Kont mutum ne mai wuyar zama. Wajen 1838 ya ɗora wa kansa wata doka da ya kira tsabtar ƙwaƙwalwa, watau ya daina karanta jaridu da littattafan sauran masana, wai don kada su gurɓata masa tunani, sai 'yan waƙoƙin mutanen da kaɗai ya ke dubawa. Ku duba fa, mutumin da ya ce a duba kafin a yi magana, shi ne ya rufe idonsa ga abin da wasu ke ganowa.

Cikin 1842 ya rabu da matarsa bayan doguwar rashin jituwa. A shekarar kuma ya cika gabatarwar juzu'i na shida da sukar manyan masanan da ya ke zargi da tare masa hanya. Abin ya kai ga shari'a da mai buga masa littafi, ya yi nasara a kotu, amma cikin 1844 ya rasa aikin jarrabawa, cikin 1851 kuma ya rasa ɗaya aikin. Wani shahararren masanin Ingila, John Stuart Mill, wanda su ke musayar wasiƙu tun 1841, ya roƙi abokansa uku su ka tara masa kuɗin shekara guda. Da shekara ta kewayo Kont ya ɗauka haƙƙinsa ne a ci gaba da ba shi, ya yi fushi da aka ƙi, zumunci ya yi sanyi. Daga 1848 wani almajirinsa, Émile Littré, ya shirya gudummawar shekara-shekara wadda da ita ya rayu har ƙarshe. Shi ma Littré ya janye jiki bayan Kont ya goyi bayan juyin mulkin da Louis Napoleon ya yi cikin 1851.

ADDININ DA YA ƘAGA

Cikin 1844 ya sadu da wata mata mai suna Clotilde de Vaux, wadda mijinta ya gudu ya bar ta. Ya kamu da sonta ƙwarai, ita kuwa abota kaɗai ta yarda da ita. Ran 5 ga Afrilun 1846 tarin fuka ya kashe ta tana da shekara 31. Mutuwar nan ta juya shi. Ya fara cewa ilmi kaɗai ba ya ɗaure mutane wuri guda, sai da ƙauna da ibada. Tun da ya riga ya ƙi Allah, sai ya ƙaga nasa addini wanda a ciki bil Adama baki ɗaya, na da da na yanzu da masu zuwa, su ne abin girmamawa. Ya tsara masa limamai da bukukuwa da addu'o'i, yawanci kwaikwayon cocin Katolika, ya kuma naɗa kansa babban limami. Ya bayyana wannan a wani littafi mai juzu'i huɗu daga 1851 zuwa 1854. A wannan lokaci ne ya ƙago wata kalma mai ma'anar fifita bukatar wani bisa ta kai, wadda har yau Faransawa da Ingilishi ke amfani da ita.

Cikin 1849 ya fitar da kalandarsa mai wata 13, kowane wata kwana 28, kowace rana da sunan wani da ya amfani mutane. Cikin sunayen akwai Ibn Sina likita da Al-Battani masanin taurari. Ya rubuta wa Sarkin Rasha Nicholas na ɗaya, ya rubuta wa Rashid Pasha, babban ɗan siyasar Daular Usmaniyya ta Turkiyya, yana kiransu ga tafarkinsa. Ba abin da ya biyo baya. Ya sa Turawan yamma a sahun gaba na tarihi, sauran al'ummai a baya, wannan kuwa kuskure ne da ya yi wa masu mulkin mallaka daɗi. Amma gaskiya ɗaya ce, shi kansa ya yi tir da mamayar da ƙasarsa ta yi wa Aljeriya, ya ce a mayar wa Larabawa ƙasarsu. Mill kuwa, a littafin da ya rubuta a kansa cikin 1865, ya yabi aikinsa na fari, ya nuna takaici a kan na ƙarshe, domin tsarin mulkin da Kont ya zana bai bar wa mutum 'yancin tunani ba.

Ya mutu ran 5 ga watan Satumba na 1857 a gidansa na Faris yana da shekara 59, shekara huɗu kafin Ingila ta karɓe Ikko. An binne shi a maƙabartar Père Lachaise. Gidan yana nan an mai da shi wurin tarihi, cikin 1902 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a dandalin Sorbonne.

TAURARI SUN ƘARYATA SHI

A juzu'i na biyu na babban littafinsa, wanda ya fito cikin 1835, Kont ya yanke hukunci cewa mutum zai iya sanin nisan taurari da girmansu da tafiyarsu, amma har abada ba zai san sinadaran da ke cikinsu ba, tun da ba mai zuwa can ya ɗebo. Shekara biyu rak bayan mutuwarsa, cikin 1859, wasu Jamusawa biyu a garin Heidelberg, Kirchhoff da Bunsen, su ka nuna kowane sinadari in ya yi zafi yana ba da haske mai alamarsa ta kansa. Kowa na iya ganin somin abin a gida, a barbaɗa gishiri a shuɗiyar wutar risho, nan take za ta koma rawaya. In aka ratsa haske ta cikin wani gilashi mai kusurwa uku sai ya baje kamar bakan gizo, alamun nan su fito layi-layi. Da haka aka karanta hasken rana aka ga akwai ƙarfe da sinadarin gishiri a cikinta. Cikin shekarun 1860 wani Bature na Ingila, William Huggins, ya yi haka ga taurari masu nisa. Cikin 1868 ma aka hango alamar wani sinadari a rana wanda ba a san shi ba, aka sa masa suna hiliyam, ba a same shi a doron ƙasa ba sai 1895.

Ba nan kaɗai ba. Kont ya raina lissafin yiwuwa da Quetelet ke amfani da shi wajen ƙididdigar haihuwa da mutuwa da laifuffuka. Yau kuwa da wannan lissafi masu ilmin sosiyoloji ke yawancin aikinsu. Ashe mudun da ya sassaƙa don auna maganar kowa, da aka auna tasa da shi sai ta kasa.

ABIN DA YA RAGE

Koyarwarsa ta yi tafiya mai nisa. Harriet Martineau ta taƙaita littafinsa da Ingilishi cikin juzu'i biyu a 1853. A Birazil almajiransa sun kafa coci cikin 1881, sun goyi bayan 'yanta bayi, kuma da aka kā da sarauta cikin 1889 aka sa takensu a tuta ran 19 ga Nuwamba. A Faransa Émile Durkheim ya ɗauki sosiyoloji ya shigar da shi jami'a, cikin 1897 ya fitar da bincike mai alkaluma a kan abin da ke sa mutane kashe kansu. Daga baya masana irin su Karl Popper cikin 1934 da Thomas Kuhn cikin 1962 su ka nuna kimiyya ba ta tafiya miƙe kamar yadda Kont ya zata, kullum tana cikin gyara kurakuranta ne. Addinin nasa kuwa ya dushe, sai 'yan tsiraru.

To, jama'a, ga abin da za a gaya wa yaro. Maganar a duba, a auna, a gwada, gaskiya ce, kowane ɗan kasuwa ya san ba a sayen hatsi a buhu sai an kwance baki. Da ita a ke gano sanadin cuta, da ita ya kamata a ƙidaya jama'a a tsara gari, da ita kuma ya kamata mu tari jita-jitar da kan tashi a zango ta jawo fitina tsakaninmu da masu masaukinmu. Amma cewa wai imani yarinta ce wadda ilmi ke kawarwa, wannan Kont bai auna ba, bai gwada ba, faɗa kawai ya yi. Ibn al-Haisam, wanda ya binciki haske da gani ta hanyar gwaji a Misira shekara 800 kafin shi, Musulmi ne. Shi kansa Kont da ya kori addini ta ƙofa, bai iya zama ba sai da ya ƙera wani da hannunsa. Sikeli yana faɗin nauyin kaya, ba ya faɗin halal ne ko haram. A riƙe sikelin da kyau, a kuma san iyakarsa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu da girman kai.